Kibau Ɗari Biyu da Ƙugiya Ɗaya

Idan ana lissafa masanan da Allah ya yi wa jami'ar nan baiwa da su, a fara da Dokta Kibiya, sannan a huta, a sha ruwa, kafin a tuna da sauran. Shi ma da kansa haka yake lissafawa. Mutum ne da bai taɓa ganin abu shi kaɗai ba. Kai ka ga akuya tana cin kwali a bakin hanya. Dokta ya ga akuya, ya ga kwali, ya ga kamfanin da ya yi kwalin, ya ga farashin mai a kasuwar duniya, ya ɗaure su duka da kibau. Kafin ya gama, akuyar ta cinye kwalinta ta wuce.

Wannan baiwa ba gadonta ya yi ba. Wata bita ya je ta mako biyu a ƙasar waje, shekara tara da suka wuce, ya dawo da takardar shaida mai ruwan zinariya a gefe, da wani ilimi da yake kira Tunanin Sarƙaƙiya. Asalin ilimin ba shi da laifi. Cewa yake kada ka yi gaggawar maganin matsala sai ka duba abin da ke haifar da ita, da abin da ita take haifarwa, da waɗanda ke tare ta ba a sani ba. Ana zana akwatuna a takarda, a ja kibiya daga sanadi zuwa sakamako. A hannun mai hankali abin yana buɗe ido. A hannun Dokta kuwa ya zama sana'ar jan kibiya, har ɗalibai suka raɗa masa sunan, nasa na ainihi ya ɓace. Wasu kuma Sarkin Da'ira suke ce masa, don duk maganar da ya ɗauko, sai ta zagayo ta dawo kansa.

Ofishinsa abin zuwa kallo ne. Allo uku a bango, babu wurin da za ka ɗora yatsa ba ka taɓa kibiya ba. Hotuna goma sha ɗaya, duka yana musabaha da manyan mutane, kuma a cikin tara manyan wani wajen suke kallo. Kujerarsa mai juyawa ce, ta baƙi kuwa gajera, yadda in ka zauna dole ka ɗaga kai kamar mai neman ganin wata. Fankar sama ta daina juyawa tun bara, amma kada ka damu, akwai taswirar dalilan mutuwarta a allo na biyu.

A gida ma ba ya rowar iliminsa. Famfon kicin ya yi wata bakwai yana ɗiga. Matarsa ta roƙe shi ya kira mai gyara, sai ya zaunar da ita da 'ya'yansu huɗu a falo, ya zana musu yadda ɗigar take da alaƙa da ƙaruwar jama'a da lalacewar tarbiyya. Ana nan ƙanin matar ya zo ziyara, ya kwance kan famfon, ya canza wata 'yar roba, ɗiga ta tsaya. Dokta ya dube shi da tausayi ya ce, “Kayya. Ka magance alama, ba ka taɓa tushe ba.” Matar ta ɗauke bokitin da take tara ruwan.

To, sai ga gasa. Kowace shekara jami'o'i goma sha biyu suna tura ɗalibai uku-uku, kowane rukuni ya zaɓi wata matsala da ta addabi mutane ko muhalli, ya bincika, ya zana taswirarta, ya tsaya gaban alƙalai ya nuna inda za a taɓa kaɗan a sami sauƙi mai yawa. Bana jami'armu ce mai masaukin baƙi. Aka kafa kwamitin shiri, Dokta ya amince, cikin tawali'u, ya zama shugaba. Aka nemi mai horar da ɗalibanmu, ya duba ko'ina bai ga wanda ya dace ba, ya sake sadaukar da kansa. Ya so ya zama alƙali ma, doka ta hana. Ya ce dokar tana da gajeren tunani.

Ɗaliban uku su ne Dogo, wanda aka ɗauka don muryarsa, da Haka-ne, wanda aka ɗauka don kansa ba ya gajiya da gyaɗawa, da wata yarinya 'yar ajin ƙarshe da ake kira Mai Fensir, don ba ta rubuta abu da biro sai ta tabbatar. Ita ta kawo batun: me ya sa ruwa ke kwanciya a ƙaramar ƙofar jami'a duk damina, kuma me ya sa bai taɓa wuce idon sawu ba?

Tambaya ta biyun ita ce mai daɗi, kuma Mai Fensir ta san amsarta tun tana firamare. Ƙaramar ƙofa tana gindin gangare. Duk ruwan da ya sauka a jami'a da unguwar da ke samanta nan yake gangarowa, ya bi ta wata ragar ƙarfe, ya shige kwalbati. Yana tafe da robobin ruwa da na lemo da ledoji. A gefen ƙofar, ƙarƙashin wata bishiya, akwai mata tara da ke zama da buhunansu. Robobin su ne hajarsu: su tsince, su wanke, su ware fari da kore, su kai wa mai sikeli. Kowace safiya, da kuma duk lokacin da hadari ya haɗo, sai su ɗauki ƙugiya, wato sandar ƙarfe da aka lanƙwasa bakinta, su zaƙulo abin da ya maƙale a ragar. Ba wanda ya ɗauke su aiki, ba wanda ya taɓa ce musu sannu. Shekara goma sha huɗu ke nan. Babbarsu, wadda sauran ke kira Inna, ita ce mahaifiyar Mai Fensir, kuma da waɗannan robobi aka kai yarinyar har ajin ƙarshe.

Wata biyu ɗaliban suka yi suna auna ruwa da sanda, suna ƙirga buhuna, suna zama a ƙasa suna jin bayanin matan. Taswirarsu ta fito a takarda ɗaya, akwatuna bakwai, kibau tara. Kibiya ta ƙarshe ta ce: in matan nan suka bar wurin, raga za ta toshe cikin kwana goma, kuma ruwan farko mai ƙarfi zai koma da baya ya shiga babban ɗakin taro, wanda shi ne gini mafi kusa da gindin gangaren.

Dokta ya riƙe takardar da yatsa biyu, kamar an miƙa masa jiƙaƙƙen tsumma.

“Kibau tara?” ya ce. “Tara? Ni, da sunana, in shiga gasa da kibau tara? Yara, ku saurara. Mu masana, da yawan kibiya ake gane zurfinmu. Ina sauyin yanayi? Ina tattalin arzikin duniya? Ina tasirin wayar hannu a kan ɗabi'ar zubar da shara? Kun zauna da masu tsince-tsince kun dawo da tunanin tsince-tsince. Ku miƙo min alƙalamin allo.”

Haka-ne ya miƙa, yana gyaɗa kai.

Mako uku Dokta ya yi yana ceto taswirar. Ta ƙoshi, ta yi ƙiba, ta kai kibau ɗari biyu da goma sha huɗu. Akwai kibiyar da ta tashi daga narkewar ƙanƙara a ƙarshen duniya ta sauka a kan rashin karatun jarida. Akwai wadda ta fita daga wani akwati ta yi yawo ta dawo cikinsa, ba ta gaisa da kowa ba. A tsakiya ya zana babban akwati mai launin ja, ya rubuta Jagorancin Masana, kibau arba'in suna fita daga cikinsa, ko ɗaya ba ta shiga. Matan tara kuwa aka tura su can kusurwar ƙasa, cikin wani ɗan akwati mai girman kwalin ashana, aka rubuta Da Sauransu. Aka buga taswirar a kan leda mai faɗin bango. Da aka kawo ta, sai da aka cire ƙyauren ofis.

A cikin makonnin nan ne ya gabatar da shahararriyar laccarsa, wadda yake maimaitawa duk shekara har da wuraren da yake tsayawa a tafa. Sunanta Maganin Da Ke Zama Cuta. “Jahili,” in ji shi, yana zagaya dandamali hannu a baya, “shi ne wanda zai ga abu ya dame shi a ido, ya sa a kawar, bai tambayi aikin da abin yake yi ba. Sai bayan ya kawar ya ga abin da ya ɓallo wa kansa. Irin waɗannan mutane, wallahi, tausayi suke ba ni. Sun cika ofisoshi. Ni da ido ɗaya nake gane su.” Ɗalibai suka rubuta, don yana fitowa a jarrabawa.

Saura kwana goma sha biyu gasa, Dokta ya fita zagayen duba shiri, 'yan kwamiti suna biye da shi da littattafan rubutu. Ya sa a shafe duwatsun gefen hanya da farin fenti. Ya sa a aske ciyawa. Da suka gangaro ƙaramar ƙofa, ya ja ya tsaya. Ga mata tara, ga buhuna jibge, ga robobi an shanya a rana. Inna ta gaishe shi. Bai ji ba, kunnensa ba ya ɗaukar gaisuwar da ta taso daga ƙasa.

“Nan baƙi za su bi su shiga ɗakin taro,” ya ce. “Masana daga jami'o'i goma sha ɗaya, da 'yan jarida. Su zo gasar tsabtace muhalli, abin da zai fara yi musu maraba shi ne bola? A kawar.”

Wani tsohon ma'aikacin gine-gine a cikin kwamitin ya buɗe baki, ya dubi fuskar Dokta, ya mayar ya rufe. Kafin la'asar takarda ta fito da sa hannu mai kama da kibiya ta yi hatsari. Ba ta ce a tashi na kwana biyu ba, cewa ta yi an haramta zama a wurin har sai abin da hali ya yi. Masu gadi suka zo suna sunkuyar da kai, don da yawansu Inna ta san iyayensu, suka taya matan ɗaura buhuna a ka. Washegari aka jera tukwanen furanni goma sha shida a ƙarƙashin bishiyar. Wanzami dai ba ya son jarfa, kuma furannin na roba ne.

Mai Fensir ta same shi a ofis, ta zauna a gajeriyar kujera, ta fito da takardarta ta farko.

“Yallaɓai, ka duba kibiya ta tara. Kwana goma muka ce. Damina ce.”

“Yarinya, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Waccan taswira ce. Wannan kuma shiri ne na karɓar baƙi. Kada ki haɗa ilimi da gudanarwa.”

Ta ninke takardarta. Sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa a jami'ar ba. “Babbar cikinsu mahaifiyata ce, Yallaɓai. Wurin nan shi ne abincinmu.”

Mai karatu zai zaci a nan kunya ta kama Dokta. Ina! Idonsa ne ya yi haske. “Madalla! Me ya sa ba ki faɗa tun da wuri ba? Alƙalai suna son irin wannan. Za ki buɗe jawabi da shi: 'yar mai tsintar roba a gaban masana. Ki ɗan sassauta murya a wurin. Amma batun tashinsu, kada in ji shi a bakinki. Harkar cikin gida ce.” Ya jawo wani fayil ya ɗora a gabansa, ya shafa shi a hankali. Kundin bincikenta ne na kammala digiri, wanda ke jiran sa hannunsa. Dokta mutum ne mai ladabi, hannunka mai sanda kawai yake yi.

A gida, ɗakinsu ɗaya da rumfa, buhunan da babu inda za a shanya su suka cinye rabin tsakar gida. Inna ta gwada wasu tituna, ta tarar kowace kwata da masu ita, ba a shiga gonar wani. Takan fita da sassafe ta dawo da rana tsaka da rabin buhu, ƙafafu sun kumbura. Biyu daga cikin matan suka koma wankau a gidajen mutane. Ƙugiyar tana jingine a bayan ƙofa. Mai Fensir ta ce za ta fasa shiga gasar, Inna ta harare ta.

“Ki fasa ki ce me? Shekara nawa ina sunkuyo a kwata don ki tsaya a gaban mutane? Je ki tsaya, 'yar nan. Ki bar ni da nawa.”

Yarinyar ta juya ta fuskanci bango, don kada uwar ta ga idonta. Haushi ne ya cika ta, da tsoro, kuma ba ta san wanda ya fi yawa ba.

Ranar gasa ta zo da rana mai kyau, abin da Dokta ya ɗauka a matsayin amincewar sama da shirinsa. Ya sa kwat mai ruwan toka, ya ɗora rigar digiri mai jan gefe, ga hula mai tuntu, ko da yake ba bikin yaye ɗalibai ake ba. Ɗakin taro ya cika. A sahun gaba shugaban jami'a da manyan baƙi, a gefe teburin alƙalai uku, babbarsu wata dattijuwa da ta yi shekara talatin tana aikin injiniyan ruwa kafin ta yi ritaya. An ba Dokta minti biyar na maraba. Ya karɓa da godiya ya yi hamsin.

A minti na ashirin gari ya yi duhu. A na talatin ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, har sai da ya ɗaga murya. “Dubi ikon Allah,” ya ce, “yanayi da kansa ya zo sauraro!” Aka yi dariya, ya ji daɗi, ya ƙara minti goma. Rukuni na farko suka yi bayani a kan hayaƙin girki, na biyu a kan yaran da ke barin makaranta. Ana cikin na uku wata baƙuwa a sahun baya ta ɗaga jakarta ta ɗora a cinya. Sai na kusa da ita ya naɗe ƙafa. Ruwa ne ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ja, a natse, ɗauke da ledoji, yana bin sahu-sahu kamar mai neman kujerarsa. Wata robar lemo ta taho tana lilo har gaban shugaban jami'a ta tsaya.

Mai kula da wuta ya kashe komai don kada a yi asarar rai. Majigi ya mutu, lasifika ta yi shiru. Babbar taswira, da aka jingine a ƙasa don babu ƙusar da za ta iya ɗaukarta, ta zame ta kwanta a ruwa da kibanta duka. Dokta ya hau kujera yana tattare rigar digiri, yana cewa kowa ya kwantar da hankali, abin da ake gani alama ce kawai.

Dattijuwar alƙaliya ta cire takalmanta ta ɗora a tebur. “Ba inda za mu iya zuwa,” ta ce. “Bari mu ji masu masauki. Me kuka kawo?”

Dogo ya dubi taswirar da ke iyo, muryar da aka ɗauke shi dominta ta maƙale. Haka-ne ya gyaɗa kai, ba a tambaye shi komai ba. Mai Fensir ta zaro takarda ɗaya daga jakarta, ta tsaya a bakin dandamali. Ba ta buɗe da labarin 'yar mai tsintar roba ba, kuma ba ta sassauta murya ba. Ta ce ga gangare, ga raga, ga robobi, ga mata tara, ga abin da ke faruwa in suna nan. Ta karanta kibiya ta tara. Minti huɗu ta yi. Ba wanda ya nemi ƙarin hujja, hujjar tana taɓa musu ƙwauri.

“Yaushe kuka rubuta wannan?” in ji alƙaliya.

“Wata ɗaya da rabi ke nan, ranki ya daɗe.”

“To ina matan?”

Mai Fensir ta dubi Dokta a kan kujerarsa. Ya ɗaga mata gira, ya yi alamar sa hannu a iska. Ta gani sarai. Ta tuna kundinta, ta tuna ƙafafun Inna.

“An kore su kwana goma sha biyu da suka wuce, don kada ku gan su. Shugaban kwamitin shiri ne ya sa hannu.”

Duk wuyan da ke ɗakin ya juya. Da wani mutum ne, nan zai nemi ƙasa ta tsage ya shige. Amma ba a banza ake zama Sarkin Da'ira ba. Dokta ya gyara hula, ya buɗe hannuwa.

“Alhamdu lillahi! Jama'a, kun ga abin da na shirya muku? Gwaji ne! Da gangan na cire akwati ɗaya daga cikin tsarin, domin ku gani da idonku, ku ji a ƙafarku, cewa hasashen ɗalibaina gaskiya ne. Wace jami'a ce ta taɓa kawo wa alƙalai hujja har cikin takalmi? Wannan sabon salo ne na koyarwa, kuma ina shirin rubuta littafi a kai.”

Haka-ne ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da hannu aljihu.

“To, gwaji ya yi kyau,” in ji alƙaliya. “Sai ka mayar da akwatin.”

Shugaban jami'a, wanda aka raɗa wa cewa ruwa ya kai ƙofar motarsa, bai tsaya dogon nazari ba. Ya ce a nemo matan yanzu-yanzu. Masu gadi suka ce ba su san gidajensu ba, wanda ƙarya ce, amma ƙarya mai daɗi. Sai da Mai Fensir ta kira uwarta a waya.

Bayan rabin awa suka iso, su bakwai, ledoji a ka, ƙugiyoyi a hannu. Ruwan sama ya tsagaita amma na ƙasa yana nan har gwiwa. Inna ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin taro, ta dogara ƙugiyarta. Shugaba ya ce, “Inna, don Allah a taimaka.”

“Za a taimaka, ranka ya daɗe. Amma da takarda aka tashe mu. Da takarda za mu koma.”

Dokta ya fara bayanin cewa irin wannan shawara sai kwamiti ya zauna. Shugaba ya dube shi sau ɗaya, kwamiti ya zauna ya tashi a cikin wannan kallon. Aka yago takarda daga littafin alƙalai. Shugaba ya faɗa, Dokta ya rubuta a kan gwiwarsa, cewa wurin da ke ƙarƙashin bishiya na matan nan ne, su tara, ba mai tashinsu. Suka sa hannu su biyu. Inna ba ta karatu, sai ta miƙa wa 'yarta.

“Karanta min, da ƙarfi. Kowa ya ji.”

Ta karanta. Inna ta ninke takardar, ta sa a leda, ta cusa a ɗan tofi, sannan ta ce wa sauran, “Mu je.”

Jama'a suka biyo su zuwa ƙaramar ƙofa, 'yan jarida a gaba. Dokta ya ga kyamarori sun juya wa dandamali baya, abin da zuciyarsa ba za ta iya ɗauka ba. Ya naɗe wando, ya rungume rigar digiri, ya kutsa ruwa ya wuce kowa, ya sami wurin da ya fi tsakiya ya tsaya yana fuskantar masu ɗaukar hoto. Matan suka zagaye shi suka duƙa. Ƙugiya ta shiga, robobi suka fito. Buhu ɗaya, buhu biyu, buhu uku, har da tukwanen furanni huɗu da ruwa ya kwaso. Shi kuwa yana jagoranci.

“Kamar yadda kuke gani, a ƙarƙashin kulawata ana aiwatar da mataki na biyu. Amma kada ku ruɗu. Matsalar ba a nan take ba. Mai gajeren tunani zai ce raga ce ta toshe. Mu masana mun san toshewar tana can sama, a cikin tsari, a cikin tunanin al'umma, a cikin...”

Ruwan dai bai motsa ba. Matan suka dubi juna. An kwashe dama, an kwashe hagu. Inna ta sake zura ƙugiya tana lalube a hankali, ta bi gefen ragar, ta zo tsakiya, ta ji ta kama wata babbar leda da ta shimfiɗe a kan bakin kwalbatin. Ta ja, ta ƙi zuwa. Ta sake ja. Ta bi ledar da bakin ƙugiya har ta ƙwanƙwasa wani abu mai tauri. Takalmi ne.

Ta ɗago, ta share ruwa daga fuskarta.

“Malam, ɗaga ƙafarka. Kai kaɗai ka rage.”

Ya ɗaga. Kwalbati ya yi wata irin gyatsa, ruwa ya fara tafiya.

A shekara tara na Tunanin Sarƙaƙiya, wannan ne karo na farko da Dokta ya taɓa matsala a daidai inda take, kuma duk abin da aka nema a wurinsa shi ne ya matsa.